Na rataya akwatin tsuntsaye, ƙadangare ne ya tare a ciki

Maman Sadik (Kano): Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin masu sani. Yarana sun ga hotunan ƙananan gidajen tsuntsaye irin na Turawa a waya, suka matsa sai an yi musu. Na kai wa kafinta hoton, ya haɗa mana mai kyau da filawud, ya yi masa rufin kwano, ya shafa jan fenti da shuɗi, har da ɗan sanda a bakin ƙofa inda tsuntsu zai sauka. Mun kafa shi a jikin katangar tsakar gida tun kafin azumi. Har yau ko gwara ba ta leƙa ba. Jiya Sadik ya hau kujera ya duba, sai ga jan gwada kwance a ciki. Alhali kullum da asuba kukan kurciya ke tashin mu, kuma ga 'yan jajayen nan suna yawo a ƙofar kicin. Ina gyaran yake?

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam Hajiya. Ai kin samu ɗan haya, saura ki yanka masa kuɗin shekara.

Maman Sadik (Kano): Kai dai Ɗan Birni ba ka rabo da tsiya. Da gaske nake, yaran har sun fara cewa Mama an cuce mu.

Malam Ɗanjuma Kafinta (Zariya): Hajiya kafin a yi nisa, wace katanga ce? Ta gabas ko ta yamma? Kuma akwai inuwa a wurin?

Maman Sadik (Kano): Katangar gabas ce Malam, bakin akwatin yana kallon yamma. Babu inuwa, bishiyar darbejiyarmu tana can ɗaya gefen.

Malam Ɗanjuma Kafinta (Zariya): To ai magana ta ƙare. Rufin kwano, filawud marar kauri, ga ranar la'asar tana dukan ƙofar kai tsaye, a Kano kuma, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Wannan tanda aka gina, ba gida ba. Ko tsuntsuwar ta yi ƙwai a ciki ba zai ƙyanƙyashe ba. Ɗan uwana kafintan Kano ya yi aikin ido, mu Zagezagi aikin hankali muke yi.

Ɗan Birni: Bazazzagi ya samu ƙofa. Allah ya isa tsakaninmu da jan gwada da ya jawo mana wannan.

Hadiza (Jos): Anti, abin da Malam ya faɗa gaskiya ne, amma akwai abin da ya riga shi. Tsuntsayen da kika lissafa ba duka ne ke kwana ko yin sheƙa a cikin akwati ba. Akwati mai ƙaramar ƙofa kwaikwayon kogon bishiya ne, don haka tsuntsun da ɗabi'arsa ce yin ƙwai a kogo shi kaɗai zai dube shi. Kurciya ba ta cikinsu. Ita 'yan tsinke take jerawa a reshe ko a kan wani dandamali, sheƙar ma sakwa-sakwa har kana iya hango ƙwan ta ƙasa. Ƙwai biyu farare take yi, ta kwanta kamar mako biyu, 'ya'yan su ƙara kamar mako biyu su tashi. Ko shekara goma akwatinki zai yi a wurin ba za ta shiga ba. Abin da take so shi ne ɗan buɗaɗɗen faifai ko tsohon kwando a ƙarƙashin rumfa ko cikin rassan darbejiyar nan.

'Yan jajayen da ke ƙofar kicin ɗinki baiwar Allah ce. Namijin ne ja, macen ruwan ƙasa-ƙasa da ɗan ja a gindin wutsiya. Su kuma ɗan dunƙulen sheƙa suke yi da busasshiyar ciyawa, su shimfiɗa gashin kaza a ciki, a cikin jinka ko zana ko ramin katangar ƙasa ko cikin duhuwar shuka. Suna son lungu, ƙasa-ƙasa, inda ido ba ya kai wa.

Masu shiga akwati a garuruwanmu su ne gwara, shaya, wani lokaci alhudahuda, tsirya in akwai manyan bishiyoyi kusa, cilakowa in gidan yana bakin gari, sai mujiya in akwatin babba ne. A tsakiyar Kano, gwara ce kusan duk fatanki.

Maman Sadik (Kano): Ikon Allah. Wato tun farko ba masu gidan muka gina wa ba. Hadiza a ina kika san duk wannan?

Hadiza (Jos): Nan Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a dajin Amurum kusa da Laminga, tun 2001 take, tana haɗe da Jami'ar Jos. Ina bin masu fita leƙen tsuntsaye da safe a ƙarshen mako, a wurinsu na tsinta. Najeriya tana da nau'in tsuntsaye sama da 900, kuma akwai wata 'yar uwar baiwar Allah da ke zaune a duwatsun nan, sai a 1998 masana suka tantance cewa nau'i ce daban.

Alhaji Garba (Haɗeja): Ni fa ina karanta wannan zance ina mamaki. Mu nan muna kwana a gona da gwangwani da igiya muna korar tsuntsu, yara ba sa zuwa makaranta lokacin da shinkafa ta fara nuna, gwamnati har jirgi take ɗaukowa ya yi feshi a kan ciyawar kacala inda tsuntsun nan jan baki ke kwana. Ku kuma kuna can birni kuna gina musu gida da fenti. Wanda bai taɓa ganin garken jan baki ya sauka a gonar gero ba shi ne zai ce tsuntsu abin sha'awa ne. Kafin ka je gida ka dawo sun bar maka kara.

Hadiza (Jos): Baba, wallahi ba wanda zai raina wannan asarar. Amma jan baki ba ya shiga akwati, ba ya ma zama a tsakar gida. Shi a ƙaya da fadama yake sheƙa, dubbai a wuri ɗaya, yana bin ruwan sama da ƙwayar ciyawa. Ko kowane gida a Kano ya rataya akwati ba zai ƙara jan baki ko ɗaya ba. Su gwara da shaya kuma, lokacin da suke da 'ya'ya, tsutsa da fara da gara suke ɗebo musu.

Alhaji Garba (Haɗeja): 'Yata, gwara ma ɓarauniya ce. Ki shanya gero a tabarma ki shiga ɗaki ki gani.

Hadiza (Jos): Wannan kam ban musa ba Baba.

Sarkin Tattabaru (Katsina): Ku bar Alhaji, yana da gaskiyarsa. Amma Hajiya ni ga tawa. Tun ina yaro nake kiwon tattabaru, kuma abin da na lura shi ne tsuntsun daji ba gida ke kawo shi ba, ruwa ne. Musamman daga watan Fabrairu zuwa faɗuwar ruwa, lokacin da duk kududdufi ya ƙafe. Kaskon da nake zuba wa tattabaruna ruwa, kafin hantsi kurciya ta zo, hasbiya ta zo, asisi, kanari, baiwar Allah, har sha-kauci da ba ya cin hatsi. Ban gina wa ko ɗaya ɗaki ba. Ki sami kaskon ƙasa mai faɗi, kada zurfin ruwan ya wuce gaɓar yatsa biyu, ki jefa 'yan duwatsu a ciki don ƙananan su sami wurin tsayawa. Roba mai santsi ba sa sonta, bokiti kuwa kashe su yake, in sun faɗa ba sa iya fita. Ki ajiye a inuwa, ki riƙa zubawa lokaci ɗaya kullum. In kina son su gano wurin da wuri, ki huda gorar ruwa da allura ki rataya a sama tana ɗiga cikin kaskon. Ƙarar ɗigon nan daga nesa suke ji.

In sun saba da gidan, su da kansu za su nemi inda za su yi sheƙa. A lokacin ne akwati ke da amfani.

Ustaz Kabiru: Madalla da wannan. Ya tabbata a hadisi cewa akwai lada a shayar da duk mai rai, kuma wanda ya dasa bishiya ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Sai dai a ja wa yara kunne. Akwai ruwayar da sahabbai suka ɗauki 'ya'yan wata tsuntsuwa, ta zo tana shawagi a kansu, Annabi (SAW) ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Kada a jawo tsuntsu gida da ruwa da hatsi sannan ya zama abin harbi da danƙo. Wannan yaudara ce.

Maman Sadik (Kano): Allah ya saka da alheri Ustaz. Danƙon Sadik tuni na jefa shi a murhu. Na yaran maƙwabta ne ban san yadda zan yi da su ba, ta kan katanga suke leƙowa.

Ɗan Birni: Ki naɗa babbansu sarkin gadi, ki riƙa ba shi naira ɗari ranar Juma'a. Ɓarawon da aka ba ajiya ba ya sata.

Anti Rabi (Bauchi): Ni ma'aikaciyar jinya ce, dole in sa baki a zancen ruwan nan. Ruwan da ya kwana a kasko kwanaki gidan sauro ne. Daga ƙwai zuwa sauro mai cizo kamar mako guda ne zuwa kwana goma a lokacin zafi. Don haka ba ƙari ake yi ba, zubarwa ake yi. Kullum a kife kaskon, a goge shi da soso, a bar shi ya sha rana kaɗan, a zuba sabo. In an yi haka sauro ba zai samu zarafi ba, kuma tsuntsayen ma ba za su riƙa shafa wa juna cuta ba, don akwai ciwon maƙogwaro da ke kama kurciya da tattabara ta wurin ruwan sha.

Na biyu ya fi damuna: hatsin da ake watsawa a ƙasa ya kwana. Ɓera yake kira. Mu a nan Bauchi duk rani muna ganin masu zazzaɓin Lassa, kuma ɓera ne ke ɗauke da ita, ta fitsarinsa da kashinsa. Don Allah a zuba daidai abin da za su cinye kafin azahar, a faranti, a share wurin da yamma. Kada a zuba kusa da kicin ko sito.

Sarkin Tattabaru (Katsina): Gaskiya ne Anti. Ciwon nan na maƙogwaro mun san shi, za ka ga tsuntsu ya kumbura wuya yana ta haɗiya abinci na dawowa. In na ga haka a cikin na daji, ɗauke kaskon nake yi gaba ɗaya na ɗan lokaci su watse.

Anti Rabi (Bauchi): Kuma masu kaji a gida su raba wurin. Murar tsuntsaye da ta ɓulla a Najeriya a 2006, a wata gonar kaji a jihar Kaduna aka fara tabbatar da ita. Kada kajinki su sha a kaskon na daji, kuma in an ga mataccen tsuntsu kada yara su ɗauka da hannu.

Auwal (Ingila): Salam jama'a, na makara. Yaya Maman Sadik, hotunan da yaranki suka gani yawancinsu na ado ne, ko a nan ba a amfani da su. Akwatin gaske ba shi da kyan gani, katako ne zalla ba fenti. A nan abin ya zama al'ada sosai, har mako guda suke warewa daga 14 ga Fabrairu na rataya akwatuna, tun 1997 ake yi. Dalilinsu shi ne an sare tsofaffin bishiyoyi masu kogo, sababbin gidaje kuma ba su da ramuka. Ƙa'idojin da kowa ya sani: kaurin katako kada ya gaza santimita 1.5, ƙofa milimita 25 ga ƙananan tsuntsayensu, 32 ga gwararsu, 45 ga wanda ya kai girman shaya. A fuskantar da shi tsakanin arewa da gabas. Kuma ba a sa sandan nan na bakin ƙofa, tsuntsun ba ya buƙatarsa, maƙiyinsa ne ke samun wurin tsayawa.

Malam Ɗanjuma Kafinta (Zariya): Auwal duk na yarda ban da gabas. Ka daɗe a Turai ka manta daga ina hadari ke tasowa. A ƙasar Hausa ruwa da iska daga gabas suke bugowa, shi ya sa katangar gabas ta gidan ƙasa ita ke fara zaizayewa, ita ake fara yi wa yaɓe. Ka buɗe ƙofar akwati gabas a watan Agusta, 'ya'yan tsuntsu za su kwana a ruwa. Yamma kuma ranar la'asar. Saura arewa ko kudu, kuma duk wanda aka zaɓa, inuwa ta sama ita ce gaba, don ranarmu a tsakar ka take tsayawa.

Auwal (Ingila): Ranka ya daɗe na sallama. Su ruwansu daga kudu maso yamma yake zuwa, shi ya sa.

Maman Sadik (Kano): Malam Ɗanjuma don Allah ka rubuto min awon dalla-dalla yadda zan kai wa kafinta, da inci, don shi bai san milimita ba.

Malam Ɗanjuma Kafinta (Zariya): To Hajiya. Ya nemi falanki mai kaurin inci ɗaya, ragowar aiki ma ya isa, ba sai an sayi sabo ba. Kada ya yi masa fulawa ta ciki, ya bar shi da kaushinsa, don da shi 'ya'yan ke kamawa su hau zuwa ƙofa. In katakon mai santsi ne ya tsattsaga shi da zarto a ƙasan ƙofar ta ciki. Faɗin ciki inci 5 ko 6 kowane gefe, tsayi inci 10. Ƙofar gwara inci ɗaya da kwata, in ta ɗan ɗara kaɗan ba laifi, kuma ta kasance sama, aƙalla inci 5 daga daɓen akwatin, yadda kyanwa ko ta zura hannu ba za ta kai ga 'ya'yan ba. Rufin katako ne, ya karkato gaba, ya zarce ƙofar da inci 2 ko 3. A huda ƙananan ramuka huɗu a ƙasa saboda ruwa, a bar 'yar tazara tsakanin bango da rufi a gefe biyu don zafi ya riƙa fita. Wannan tazarar Turawa ba su damu da ita ba, mu kuwa ita ce ran akwatin. Rufin a maƙala shi da yankin tsohuwar robar tib a maimakon hinji, yadda za a iya ɗagawa a share bayan sun tashi.

Fenti a ciki haram. Baƙin mai da muke shafa wa katakon rufi saboda gara, shi ma kada ya kusance shi, warinsa kaɗai ya isa ya kashe 'ya'yan. In ana tsoron gara, kada akwatin ya taɓa katangar ƙasa, a rataya shi da waya. Tsayi daga ƙasa ƙafa 8 zuwa 10. In a bishiya ne, a zura wayar cikin tiyo kafin a ɗaura don kada ta ci jikin bishiyar.

Isuhu (Maraɗi): Salamu alaikum. Ni ban ga abin wahala da katako ba, da tsadarsa yanzu. Nan wajenmu tsohon tulu da ya tsage muke kwantarwa a cokalin icce, a ɗaure, a toshe rabin bakin da laka. Ƙasa ba ta ɗaukar zafi kamar katako, balle kwano. Ko gora busasshiya, a huda gefe, a zazzage 'ya'yan, a huda gindi don ruwa. Kakanninmu da tukwane suka yi ɗakunan tattabaru, ba su jira kafinta ba. Malam Ɗanjuma ka yi haƙuri, na taɓa maka kasuwa.

Malam Ɗanjuma Kafinta (Zariya): Ba komai Isuhu, tulun ya fi akwatina sanyi, wannan ba gardama. Illarsa biyu: nauyi, da wuyar sharewa. Gora kuma damina ɗaya ko biyu ta ruɓe.

Isuhu (Maraɗi): In ta ruɓe a yanko wata, ai ba saye ake ba.

Hadiza (Jos): Zancen gora ya tuna min, a gabashin Amurka akwai wani dangin tsattsewa da 'yan asalin ƙasar suka saba rataya wa gora tun kafin zuwan Turawa. Yau kusan duk nau'in a can ya bar kogon bishiya, a gidajen da mutane suka rataya kaɗai yake ƙwai. Gora ko tulu mai ƙaramin baki, in an cusa shi cikin duhuwar lalle ko wata shuka mai yaɗo, baiwar Allah na iya karɓa. A bar mata busasshiyar ciyawa da gashin kaji a kusa. Kuma Anti in ta yi sheƙa ki sa ido, akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi da ke bin ta. Macensa ba ta gina sheƙa, a ta baiwar Allah take zuba ƙwanta. Ɗan da ya fito, cikin bakinsa yana da zane irin na 'ya'yan masu gidan, sai su ciyar da shi tare da nasu, in ya girma kuma namijin kukan baiwar Allah yake kwaikwaya. Ba ya jefar da 'ya'yan gidan, tare suke tashi.

Ustaz Kabiru: Subhanallah. Su ma Turkawan Daular Usmaniyya sun riƙa sassaƙa wa tsuntsaye ƙananan gidaje a jikin bangon masallatai, har yau ana ganin su a Istanbul. Ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi.

Alhaji Garba (Haɗeja): Su Turkawan suna noman gero?

Ɗan Birni: Alhaji ba zai sauko ba yau.

Hadiza (Jos): Baba bari in kawo wanda zai yi maka aiki a gona. Farar mujiya. Ɓera take ci, kuma gida ɗaya, uwa da uba da 'ya'ya, suna cinye ɓeraye sama da dubu a shekara. A Malesiya manoman kwakwar manja akwatuna suke kafa mata a kan dogayen sanduna a cikin gona, haka ma a kwarin Urdun, sun rage sayen maganin ɓera. Akwatin nata babba ne, kamar katon ɗin taliya biyu a haɗe, ƙofar ta kai faɗin tafin hannu. Sharaɗin kawai a daina sa guba, don in ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma mutuwa take.

Alhaji Garba (Haɗeja): A'uzubillahi. In kafa wa mujiya gida da hannuna? Ranar da ta yi kuka a kan rufin wani, yaronsa ya yi zazzaɓi, garin nan gaba ɗaya ƙofata za su zo. Ke yarinya ce.

Maman Sadik (Kano): Ni ma dai Hadiza banda wannan. Surukata tana gidan, in ta ji kukan mujiya sai ta tattara kayanta.

Ustaz Kabiru: Camfi ne, kuma Annabi (SAW) ya kore shi da bakinsa, ya ambaci mujiya a cikin abubuwan da ba su da wani shu'umci. Tsuntsuwa ce mai neman abincinta da dare. Amma na san halin mutanenmu, Alhaji bai yi ƙarya ba game da abin da zai biyo baya. Wanda zai yi, ya kafa a gona nesa da gidaje, ya kuma fara yi wa maƙwabtan gonar bayani.

Anti Rabi (Bauchi): Ni da za a samu mai rage mana ɓera a unguwa, ko mujiya ce ina maraba.

Alhaji Garba (Haɗeja): Ɓeran shinkafa kam yana yi mana ɓarna, ba ƙarama ba. Amma a bar ni in ga wani ya fara.

Auwal (Ingila): Wani abu da ba a taɓo ba: kyanwa. A nan ita ce babbar mai kashe tsuntsayen gida. Kaskon ruwa kada ya zama dab da inda za ta laɓe, a bar fili kamar taku uku kowane gefe, amma da bishiya kusa inda za su tsere in shaho ya kawo farmaki. Sai gilashin taga mai ɗaukar hoto, irin wanda ake yayi a sababbin gidajen Kano da Abuja. Tsuntsu yana ganin sama da bishiya a ciki ya taho da gudu ya fasa kai.

Maman Sadik (Kano): Irinsa ne a falonmu! Akwai wani tsuntsu da ke zuwa kullum da safe yana saran gilashin, har mai aikina ta ce turo shi aka yi.

Hadiza (Jos): Ba wanda ya turo shi Anti, kansa yake gani ya ɗauka kishiya ce ta shigo masa yanki. Ki sa raga ta waje, ko ki shafa wa gilashin farar ƙasa ko sabulu na 'yan makonni, zai daina. Kuma a nisanta kaskon daga tagar.

Maman Sadik (Kano): To abinci fa? Ina da ragowar shinkafa da tuwo kullum.

Sarkin Tattabaru (Katsina): Tuwo da miya a'a, gishiri da mai ba nasu ba ne, kuma yana tsami ya kira ƙuda. Gero shi ne sarki. Sai tsakin dawa ko na masara, da acca in kina samu, ƙananan irin su asisi suna sonta ƙwarai don ƙwayar ta yi daidai da bakinsu. Gyaɗar da ta yi fumfuna kada ki ce bari in ba tsuntsu maimakon zubarwa, guba ce. Gwanda ko mangwaron da ya nuna sosai, a yanka a soke a reshe, shaya da masu shan 'ya'yan itace za su zo. In damina ta faɗi ki rage hatsin, abinci ya wadata a waje.

Isuhu (Maraɗi): Kuma ta shuka wani abu. Gidan da aka malale da siminti ko'ina, ba ciyawa ba ƙwaro, me tsuntsu zai zo yi? Zogale, lalle, gwaiba, magarya in akwai wuri. Furen zogale kaɗai ya isa ya kawo sha-kauci. A bar wani lungu guda ba shara, ganye ya taru.

Anti Rabi (Bauchi): Lungun nan dai a nesa da ɗakin kwana, saboda kunama da maciji.

Maman Sadik (Kano): Na gode ƙwarai jama'a. Gobe in sha Allahu zan aika a sayo kasko, in sa a gindin darbejiya. Akwai tsohon kwando, Baban Sadik zai ɗaura shi a reshe saboda kurciya. Sabon akwati sai ƙarshen wata. Malam Ɗanjuma in na sa shi yaushe zan sa ran gwara ta shiga?

Malam Ɗanjuma Kafinta (Zariya): Wannan sai Hadiza, ni iyakata ƙusa da zarto.

Hadiza (Jos): Ki rataya shi kafin ruwa ya sauka, don gwara ta fi yin ƙwai da damina lokacin da ƙwari suka yawaita. Tana iya shiga a daminar farko, tana iya share shekara tana kallonsa. In kin ga tana shiga da ciyawa a baki, a hana yara hawa leƙe, in an dame ta a farkon kwanci tana barin ƙwan. Kada kuma ki sa hatsi ko ruwa dab da akwatin, hayaniyar masu zuwa ci tana hana mai sheƙa sakewa.

Ɗan Birni: Tambaya ta gaskiya yanzu, ba wasa. Wani abokina ya rataya irin tulun da Isuhu ya faɗa, zuma ta zo ta cika shi. Yaya ake yi da wannan?

Isuhu (Maraɗi): Yana faruwa, musamman babban tulu, don kusan amya ce ka rataya mata. Ƙaramin akwatin gwara bai cika isar ta ba, rina da zanzaro ne suka fi shiga shi. A goga busasshen sabulu a cikin rufin kafin a rataya, gidan rina ba ya kamawa a wurin. In kuwa zuma ta riga ta zauna a gida mai yara, kada ya sa mata wuta ko fiya-fiya da rana tsaka, za ta watsu cikin unguwa. Ya kira masu ɗiban zuma su zo da dare su toshe bakin tulun su sauke shi, su kai daji. Wasu ma har kuɗi za su ba shi.

Ɗan Birni: Zan gaya masa. Amma na san shi, in ya ji zancen kuɗi tulu goma zai rataya.

Alhaji Garba (Haɗeja): Wannan kam in zuma ce, a turo min awon tulun.